Shin gwajin numfashi zai iya gano sankarar huhu tun da wuri?

Ɗan Zazzau ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman likitoci da sauran ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure. Ina neman ƙarin bayani a kan wani labari da ya daɗe yana yawo, cewa masu bincike a Turai da Amurka sun ƙera na'urar da mutum zai hura iska a cikinta, irin yadda 'yan sandan wasu ƙasashe ke sa direbobi su hura domin a gane ko sun sha giya, ita kuma na'urar ta nuna ko akwai sankara a huhunsa tun kafin ya fara jin ciwo. Dalilin tambayata shi ne kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya haura shekara 60, kuma ya sha taba sigari tun yana saurayi, bai daina ba sai a 'yan shekarun nan. A yanzu ba ya fama da komai in ban da tarin da kan taso masa lokacin hunturu, amma hankalin iyali bai kwanta ba, domin mun ji cewa wannan cuta ba ta cika bayyana ba sai ta riga ta ci jiki.

Shin wannan gwaji gaskiya ne, kuma an fara amfani da shi a asibitoci? Idan an fara, zai iya maye gurbin hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka yanki-yanki, wanda kowa ya san tsadarsa da kuma nisan wuraren da ake yin sa? Idan kuma ba a fara ba, me ya kamata mutum irin Kawu ya yi? Allah Ya saka da alheri ga duk wanda ya taimaka da ilminsa.

Likitan Ƙirji ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara wa Kawu lafiya, kuma ka isar masa da cewa barin tabar da ya yi shi ne mafi girman abin da mutum zai iya yi wa huhunsa, ko da a wane shekaru ya bari.

Labarin da ka ji yana da tushe, amma har yanzu gwajin numfashi na sankarar huhu yana matakin bincike ne. Bai shiga cikin ƙa'idojin da likitoci ke bi wajen tantance masu haɗarin kamuwa da cutar ba, kuma ba a yanke wa majinyaci hukunci da shi cewa yana da sankara ko ba shi da ita. Duk wanda ya ce maka zai yi wa Kawu wannan gwaji a yau ya ba shi tabbacin lafiyar huhunsa, to ya faɗi abin da ilmi bai kai ba tukuna.

Abin da ya sa masu bincike suka dage a kan wannan hanya a bayyane yake. Alƙaluman hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 mutum kusan miliyan 2.5 ne suka kamu da sankarar huhu, kimanin miliyan 1.8 kuma suka rasu sanadiyyarta, wato ta fi kowace irin sankara kisa, kuma shan taba ne ke haddasa kusan kashi 85 cikin 100 na masu kamuwa. Tsokar huhu kanta ba ta jin zafi, saboda haka ƙari yana iya girma a cikinta tsawon lokaci mutum bai sani ba, sai ya toshe wata hanyar iska, ko ya taɓa fatar da ta lulluɓe huhun, ko kuma ya yaɗu zuwa ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa. A Amurka, waɗanda aka gano cutarsu tun tana wuri ɗaya, sama da kashi 60 cikin 100 suna raye bayan shekara 5, amma waɗanda aka gano bayan ta yaɗu zuwa sassa masu nisa, masu kai wannan lokaci ba su wuce kashi 10 ba. Wannan tazara ce ta sa gano cutar da wuri ya zama babban buri.

Hanyar da aka tabbatar tana rage mace-mace zuwa yanzu ita ce hoton CT mai ƙarancin hasken da ke ratsa jiki. An yi wani babban gwaji a Amurka mai suna NLST, wanda ya ƙunshi mutum sama da 53,000 masu shekara 55 zuwa 74 da suka daɗe suna shan taba, aka fitar da sakamakonsa a 2011, inda aka ga cewa mace-macen sankarar huhu sun ragu da kashi 20 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa CT idan aka kwatanta da waɗanda aka yi wa hoton ƙirji na yau da kullum. Daga baya gwajin NELSON na ƙasashen Holan da Beljiyam, wanda ya fito a 2020, ya nuna raguwar kashi 24 cikin 100 a tsakanin maza bayan shekara 10. Shi kuwa hoton ƙirji na eksire, wanda mutanenmu suka fi sani, an gwada shi a kan dubban mutane a matsayin hanyar tantancewa, bai rage mace-macen ba, domin ƙananan ƙullutai suna ɓuya a bayan haƙarƙari da zuciya. Yana da amfaninsa ga wanda ya zo da ciwo, amma fitowarsa tas ba ta wanke mutum daga zargi.

A kan waɗannan gwaje-gwaje ne kwamitin da ke ba da shawarar rigakafi a Amurka ya dogara, inda a 2021 ya ce a riƙa yin CT sau ɗaya a shekara ga masu shekara 50 zuwa 80 waɗanda suka sha abin da ya kai kwali ɗaya a kullum na tsawon shekara 20, kuma suna sha har yanzu ko ba su wuce shekara 15 da bari ba. Kwali ɗaya kara 20 ne, saboda haka wanda ya sha kara 10 a kullum na shekara 40 shi ma ya cika wannan ma'auni. Ingila ma ta sanar da shirinta na ƙasa baki ɗaya a 2023, bayan an gwada shi a birane irin su Manchesta, inda aka riƙa kai na'urar CT a cikin manyan motoci zuwa harabar kantuna, aka kuma gano mafi yawan masu cutar a matakin farko.

Sai dai CT yana da tasa matsalar. A gwajin na Amurka, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hotunan sun nuna wani abin zargi, amma sama da kashi 96 cikin 100 na waɗannan ba sankara ba ce, tabon tsohuwar cuta ne ko wani ƙullutu marar lahani. Da yawa daga cikin mutanen nan sun shiga fargaba, an maimaita musu hoto, wasu har an tsira musu allura an ɗebo tsoka. A wannan giɓi ne ake fatan gwajin numfashi zai shigo.

Game da Kawu, shawarata ita ce ku kai shi wurin likitan ƙirji a asibitin koyarwa mafi kusa da ku, a lissafa yawan tabar da ya sha, a saurari ƙirjinsa, a yi gwajin majina, sannan likitan ya yanke ko ya dace a yi CT. Kada ku jira lokacin hunturu ya wuce idan tarin ya haura mako 3, ko ya sauya daga yadda aka saba, ko aka ga jini a majina, ko muryarsa ta dushe, ko ya fara rama ba dalili.

Uwar Khalifa ta rubuta:

Na gode wa Likita da wannan bayani, kuma ban saɓa masa a kan komai ba, amma a matsayina na mai koyar da ilmin sinadarai ina so Malam ya fahimci cewa maganar numfashin nan ba tatsuniya ba ce, kuma ni ina cikin masu kyautata mata zato.

Iskar da muke fitarwa ba tururi da iskar kabon kaɗai ba ce. Jini yana zagaya dukkan jiki ya kwaso abubuwan da ƙwayoyin halitta suka fitar, idan ya iso ƙananan jakunkunan iska na huhu sai sinadarai masu saurin tashi su tsallaka daga jinin zuwa numfashi. Likitocin dā sun san haka da hancinsu, shi ya sa ake gane mai ciwon sukarin da ya tsananta da wani ƙamshi mai kama da na 'ya'yan itace, wanda sinadarin asiton ke kawowa, kamar yadda mai ciwon hanta ke da nasa warin. A 1971 Linus Pauling, masanin nan da ya ci kyautar Nobel sau biyu, ya auna numfashin ɗan'adam da na'urar rarrabe iska ya samu sinadarai kusan 250 a ciki. A 1999 kuma Michael Phillips da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Lancet cewa wasu sinadarai 22 na numfashi suna bambanta masu sankarar huhu da waɗanda ba su da ita. Dalilin da ake bayarwa shi ne cewa ƙwayoyin sankara suna sarrafa abinci da iskar oksijin ta hanyar da ta saɓa wa ta lafiyayyun ƙwayoyi, kuma lalacewar kitsen da ke jikin bangonsu yana fitar da wasu sinadarai na daban.

Hanyoyin awon iri biyu ne. Ta farko ita ce a tara numfashin a kai ɗakin gwaji, a rarrabe kowane sinadari a san sunansa da yawansa, wanda aiki ne mai tsada da buƙatar ƙwararru. Ta biyu ita ce abin da ake kira hancin lantarki, wato jerin ƙananan ma'aunai da kowannensu ke amsawa idan iska ta taɓa shi, sai manhajar kwamfuta ta koyi salon amsar baki ɗaya, kamar yadda mutum ke gane ƙamshin miyar kuka daga ƙofar gida ba tare da ya lissafa abin da aka zuba a tukunya ba. Farfesa Hossam Haick na jami'ar Technion da ke Haifa a Isra'ila ya yi fice a wannan fanni. A 2009 ya nuna ma'aunai da aka yi da ɓurɓushin zinariya masu bambanta numfashin masu sankarar huhu, sannan a ƙarshen 2016 tawagarsa ta ba da rahoton gwaji a kan mutum 1,404 daga ƙasashe biyar, inda na'urar ta bambanta cututtuka 17 da daidaiton kashi 86 cikin 100. Har da karnuka an gwada. A wani asibiti kusa da Stuttgart a Jamus, karnukan da aka horar sun gane 71 cikin samfur 100 na masu cutar, suka kuma wanke 372 cikin 400 na waɗanda ba su da ita. Amma da aka sake irin wannan gwaji a Ostiriya a 2016 cikin yanayin da ya fi kama da tantancewar gaske, sai karnukan suka riƙa nuna lafiyayyu da yawa a matsayin marasa lafiya.

Wahalar tana ga ƙanƙantar abin da ake nema, domin ana maganar kashi ɗaya ne cikin biliyan na iskar da aka fitar. Albasa ko tafarnuwar da mutum ya ci, da maganin da yake sha, da turaren da ya shafa, da iskar ɗakin da aka yi awon, da hayaƙin taba kanta, duk suna sauya sakamako. Wannan ne ya sa jerin sinadaran da wani ɗakin gwaji ya fitar sau da yawa ba ya dacewa da na wani. Kamfanin Owlstone Medical na birnin Kambirij a Ingila, wanda ya gudanar da binciken gano sankarar huhu ta numfashi mai suna LuCID tare da asibitocin ƙasar, ya ƙera abin rufe fuska na musamman domin a tara numfashi bisa tsari ɗaya, yana kuma gwada wata dabara da ta fi burge ni: a sa wa mutum wani sinadari a jini wanda abin da ƙarin ke fitarwa zai farfasa, sai a nemi ɓaraguzansa a numfashi, maimakon a yi ta laluben abin da jiki ya fitar da kansa.

Kuma kada a manta cewa akwai gwaje-gwajen numfashi da suka riga suka samu karɓuwa. Ana gano ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki ta numfashi, ana auna kumburin hanyoyin iska na masu asma ta numfashi, a watan Afrilun 2022 kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba da izinin gaggawa ga na'urar gano korona ta numfashi. Bambancin shi ne a waɗancan an san ainihin abin da ake nema, a sankarar huhu kuwa ba a kai ga yarda a kan sinadaran ba.

Jami'in Tibi ya rubuta:

Malam Ɗan Zazzau, Allah Ya ba Kawu lafiya. Ni aikina a sashen tarin fuka, wato tibi, yake, kuma akwai abin da nake ganin ya shafe mu fiye da Turawan da ke wannan bincike. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, kuma alamominsa, wato dogon tari da rama da jini a majina da zazzaɓin dare, kusan su ne alamomin sankarar huhu. Abin da ke faruwa sau da yawa shi ne dattijo ya zo da tari, gwajin majina bai nuna komai ba, amma hoton ƙirji ya nuna inuwa, sai a ɗora shi a kan maganin tibi na wata 6, ba a tuna da sankara ba sai an ga magani bai yi aiki ba, a lokacin kuwa an yi asarar watannin da suka fi muhimmanci. Duk wanda gwajin majina na na'urar GeneXpert bai nuna masa tibi ba kuma bai samu sauƙi ba bayan ya fara magani, ya kamata a sake duba shi da wani tunanin, musamman idan ya manyanta ko ya taɓa shan taba.

Wannan ne ya sa nake ganin na'urar numfashin da aka horar da manhajarta a kan mutanen Holan ko Ingila ba za a ɗauko ta kai tsaye a ce za ta yi aiki a Kano ko Maraɗi ba. Huhun mutanenmu ya sha hayaƙin itacen girki da na janareta da ƙurar hunturu, da yawa kuma suna ɗauke da tabon tsohon tibi, kuma duk waɗannan suna iya sauya abin da ke fita a numfashi. Tambayar da ta fi amfani a gare mu ita ce ko na'urar za ta iya raba mai tibi da mai sankara, ba raba mai sankara da lafiyayyen saurayi ba. Dole ne a yi wannan gwaji a nan, a kan mutanenmu, har da matan da ba su taɓa riƙe sigari ba amma suka shekara a bakin murhu.

Gano cuta ta wari ba baƙon abu ba ne a Afirka. A Morogoro ta ƙasar Tanzaniya, ƙungiyar APOPO tana horar da wasu manyan ɓeraye dangin gafiya suna shinshina majina domin gano tibi, kuma ɓera ɗaya yana duba samfur 100 cikin kimanin minti 20. Amma ko a can, duk samfurin da ɓeran ya nuna sai an tabbatar da shi a ɗakin gwaji kafin a kira majinyaci.

Ina kuma roƙon jama'a su yi hattara da masu yawo da wata ƙaramar na'ura haɗe da kwamfuta a kasuwanni da ma'aikatu, suna cewa tana duba jiki gaba ɗaya idan ka riƙe ta a hannu, daga nan su sayar maka da magani. Wannan ba shi da alaƙa da binciken da Malama ta yi bayani, kuma idan labarin gwajin numfashi ya yaɗu, ina tsoron irin waɗannan mutane ne za su fara fakewa da shi.

Ɗan Zazzau ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilmi. Abu ɗaya ne bai shige mini ba, Likita. Idan har na'ura tana samun daidai a kashi 86 ko 90 cikin 100, ai a ganina wannan ya fi babu, musamman ga mutanen karkara da ba za su taɓa ganin na'urar CT ba. Me ya hana a fara amfani da ita haka nan, ana ci gaba da gyara ta?

Likitan Ƙirji ya rubuta:

Tambayarka a kan hanya take, Malam, kuma lissafi ne zai amsa ta. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, cewa an tara mutum 1,000 masu tarihin shan taba, 10 daga cikinsu suna da sankara ba su sani ba, wanda ya yi kusa da abin da ake samu a zagayen farko na tantancewa. Mu ƙaddara kuma na'urar tana gane masu cutar da kashi 90, tana wanke lafiyayyu da kashi 90. Za ta kama 9 cikin 10 ɗin, ta ƙyale 1. A cikin lafiyayyu 990 kuwa za ta yi wa 99 ƙazafin cutar. Ke nan mutum 108 za a gaya wa cewa akwai matsala, alhali 9 ne kaɗai ke da ita, wato 1 cikin kowane 12. Idan babu CT da za a tura su, babu likitan da zai ɗebo tsoka a auna, babu mai fiɗa, to abin da aka raba wa mutum 108 nan tashin hankali ne da kashe kuɗi, ba magani ba.

Sannan yawancin alƙaluman nan masu daɗin ji an same su ne ta hanyar kwatanta majinyatan da aka riga aka san suna da cutar, da yawansu ta yi nisa, da mutane masu cikakkiyar lafiya. Wannan jarrabawa ce mai sauƙi. Jarrabawar gaske ita ce a ɗauki dubban mutanen da ba a san halinsu ba, masu tari da asma da tsohon tibi, a auna numfashinsu, a bi su shekaru, a ga ko na'urar ta kama ƙarin da bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba, a kuma ga ko mace-mace sun ragu. Hoton CT ya ci wannan jarrabawa sau biyu, gwajin numfashi kuwa bai kammala ta ba.

Uwar Khalifa ta rubuta:

Lissafin Likita daidai ne, amma ina so a dubi ɗaya gefen nasa. A misalin nan, maimakon a yi wa mutum 1,000 hoton CT, mutum 108 kaɗai za a yi wa, a kuma samu 9 daga cikin 10 masu cutar. A ƙasar da na'urorin CT suka taru a manyan birane, kuma majinyaci ne ke biya daga aljihunsa, wannan ragi ba ƙaramin abu ba ne, domin zai iya mayar da shirin tantancewar da ba zai yiwu ba ya zama mai yiwuwa. Saboda haka matsayin da nake hango wa gwajin numfashi shi ne na mai tace waɗanda za a tura hoto, a ƙaramin asibiti ko cibiyar tibi, ba na mai yanke hukunci ba. Sharaɗin shi ne a rage yawan waɗanda yake ƙyalewa, domin mutumin nan 1 da aka sallama da albishir ɗin ƙarya zai iya yin watsi da tarinsa na tsawon shekara, yana ganin an riga an duba shi. A irin wannan aiki gara na'urar ta yawaita zargi da ta yawaita wankewa, kuma a wannan ma'auni ne ya kamata a auna duk wadda aka kawo mana, bayan an gwada ta a kan masu tibi da masu shaƙar hayaƙin itace kamar yadda Jami'in Tibi ya nema.